Daga Gidan Ƙarfe na Unguwa Zuwa Gaban Alƙalan Gasa

 

Yau a wannan fili na wasanni da lafiyar jiki, maganar ƙarfe za mu yi. A unguwanni da dama, a Kano, a Kaduna, a Zariya, a Maraɗi, akwai wani lungu ko kango inda samari ke taruwa bayan sallar asuba. Akwai bencin katako. Akwai sandar ƙarfe da aka maƙala wa gwangwanayen fenti cike da siminti. Suna ɗagawa, suna gumi, suna zuga juna. Cikinsu akwai masu ƙarfin gaske. To, ta yaya irin wannan saurayi zai tashi daga kango ya shiga gasa ta sosai, inda ake awo, ake rubuta sakamako, ake ba da kambu?

Kashi biyar ne shirin namu. Na farko, mene ne wasan. Na biyu, ƙa'idojinsa. Na uku, yadda ake shiri. Na huɗu, neman gasa da ranar gasa. Na biyar, 'yan'uwanmu masu buƙata ta musamman da kuma mata. Magana ɗaya nake so ku riƙe daga farko har ƙarshe. Alƙali ba ƙwanji yake dubawa ba, ƙa'ida yake dubawa.

Bari mu shiga kashi na farko. Mene ne wannan wasa?

Sunansa a bakin masu yin sa fawaliftin, wato gasar gwada tsantsar ƙarfi da sandar ƙarfe. Ya bambanta da wasan da kuke gani a gasar Olamfik, inda ɗan wasa ke fizgar ƙarfe ya ɗaga shi sama da kansa. Ya kuma bambanta da gasar nuna tsoka, inda ake shafa mai a jiki a tsaya ana murɗa damtse. A nan ba a kai ƙarfe saman kai, ba a kuma duba kyan jiki.

Ɗagawa uku ce kacal. Ta farko tsugunno, ana ce mata sikwat. Ka ɗora sanda a bayan kafaɗa, ka tsugunna, ka miƙe. Ta biyu turin kwance, ana ce mata benci. Ka kwanta rigingine, ka sauko da sanda ƙirji, ka tura ta sama. Ta uku ɗauka daga ƙasa, ana ce mata dedlif. Sanda na ajiye a ƙasa, ka kama ta, ka miƙe tsaye da ita. Tsugunno, turin kwance, ɗauka daga ƙasa. A haka suke jere a kowace cikakkiyar gasa.

A kowace ɗagawa kana da gwaji uku. Uku sau uku, tara ke nan. Za a ɗauki mafi nauyin da ka yi nasara a kowace ɗagawa, a haɗa. Misali, ka yi tsugunno da kilo 120, ka tura kilo 80, ka ɗauki kilo 150. Jimlarka kilo 350. Da wannan jimlar ake gane gwani.

Kada wani ya ce, ni siriri ne, ina ni ina ƙarti? Ba a haɗa ƙarami da ƙato. Babbar hukumar wasan ta duniya, IPF, wadda aka kafa a 1972, ta raba maza rukuni-rukuni bisa nauyin jiki: kilo 59, 66, 74, 83, 93, 105, 120, sai waɗanda suka haura 120. Mata kuma daga kilo 47 har zuwa waɗanda suka haura 84. Akwai rukunin matasa daga shekara 14, akwai na dattawa daga shekara 40. Da tsaranka za ka kara.

Mun gama kashi na farko. Yanzu ga kashi na biyu, ƙa'idoji. A nan nake so ku kasa kunne sosai, domin a nan sababbin shiga suka fi zubar da gwajinsu.

Alƙalai uku ne ke zaune, ɗaya a gaba, biyu a gefe. Kowane yana da fitila fara da fitila ja. Fara, ya karɓa. Ja, bai karɓa ba. Farare biyu sun ishe ka. Da zarar an sanar cewa an shirya sanda, minti 1 gare ka ka fara.

Alƙalin gaba shi ke ba da umarni, kuma galibi da Turanci yake bayarwa. Kalmomin ba su da yawa. Bari in faɗe su tare da ma'anarsu.

A tsugunno, ka ciro sanda daga ma'ajiyarta, ka ja da baya, ka tsaya cak, gwiwoyi a miƙe. Kada ka motsa. Alƙali zai sauke hannu ya ce "sikwat", wato tsugunna. Sannan ka sauka. Har ina? Sai saman cinyarka ta wajen ƙugu ya yi ƙasa da saman gwiwarka. Zan maimaita. Ƙugu ya gota gwiwa ta ƙasa. Rabin tsugunno ba ya samun farar fitila, ko da kilo 200 ka ɗauko. Idan ka miƙe, ka sake tsayawa cak har ya ce "rak", wato mayar. Sannan ka mayar da sanda.

A turin kwance umarni uku ne. Ka riƙe sanda a sama, hannaye a miƙe, babban yatsa ya zagaye sandar. Zai ce "sitat", wato fara. Ka sauko da ita har ta taɓa ƙirji, ta tsaya cik. Ba a buga ta a ƙirji don ta yi tsalle. Zai ce "fires", wato tura. Ka tura har gwiwar hannu ta miƙe. Ka jira "rak". Duk tsawon wannan lokaci kai da kafaɗu da mazaunai suna manne da benci, tafin ƙafa yana ƙasa.

A ɗauka daga ƙasa babu umarnin farawa. Ka kama, ka miƙe, gwiwoyi a miƙe, kafaɗu a baya. Ba a jingina sanda a cinya ana tura ta sama kaɗan-kaɗan. Idan ta fara hawa, kada ta koma ƙasa. Alƙali zai ce "dawun", wato sauke. Ka sauke ta da hannu biyu. Wanda ya sake ta ta faɗi, ya ɓata gwajinsa.

Ku dubi abin da ke faruwa. Saurayi ya tura kilo 100, jama'a na sowa. Murna ta kwashe shi, ya mayar da sanda kafin alƙali ya yi magana. Jajayen fitilu uku. Ƙarfin yana nan, sakamakon babu. Shi ya sa nake cewa alƙali ba ƙwanji yake dubawa ba, ƙa'ida yake dubawa.

Masu sauraro, mun iso kashi na uku. Yaya ake shiri?

Da farko, lafiya. Ɗaga nauyi mai yawa yana sa jini ya hau na ɗan lokaci. Idan kana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko gwaiwa, ko sikila, ko farfaɗiya, ko tsohon ciwon baya, ka fara ganin likita. Ko da kana jin garau, ka je a auna jininka. Ba ya cin minti biyar.

Na biyu, ka san nauyin ƙarfenka. Gwangwanin simintin da ake ce masa kilo 30 a unguwa, wa ya auna shi? Ka kai shi sikelin 'yan gwangwan ko na masu sayar da hatsi. Ka rubuta nauyin a jikinsa da fenti. Ka tabbatar gefen dama da gefen hagu daidai suke. A gasa, sandar kanta kilo 20 ce. Maƙullan da ke riƙe fayafayen, kowanne kilo 2 da rabi. Jan faifai kilo 25 ne, shuɗi kilo 20, rawaya kilo 15. Kafin ranar gasa, ka nemi gidan motsa jiki mai irin wannan sanda, ko a filin wasa na jiha, ka saba da ita a hannunka.

Na uku, ka koyi tsayuwa kafin ka ƙara nauyi. Ku je kasuwar Dawanau ku kalli ɗan dako da ya daɗe a sana'a. Ba ya sunkuyawa daga nesa ya fizgi buhu. Yana matsowa jikin buhun, ya lanƙwasa gwiwa, ya cika ciki da numfashi, ya tashi da ƙarfin ƙafa. Haka ake yi da sanda. Ta zauna kusa da jiki. Baya a miƙe. Ka ja numfashi ka cika ciki, ka ɗaure shi tamau, ka ɗaga, sannan ka saki.

Na huɗu, tsarin atisaye. Kwana 3 a mako ya ishi sabon shiga, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ka zaɓi nauyin da za ka iya ɗagawa sau 5 ba tare da tsayuwarka ta lalace ba. Ka yi sau 5, ka huta minti 3, ka sake, har zagaye 3. Idan ya yi sauƙi, ka ƙara kilo 2 da rabi a mako mai zuwa. Ka sayi littafi ka riƙa rubutawa. Kilo 2 da rabi kamar ba komai ba ne, amma a mako 12 ya zama kilo 30. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ƙarin ya tsaya, ka rage kaɗan, ka sake hawa. Gwada iyakar ƙarfi kullum don burge abokai, wannan ba atisaye ba ne, neman rauni ne.

Kuma kada ka kwanta ƙarƙashin sanda kai kaɗai. Kada ka yi tsugunno mai nauyi kai kaɗai. A samu masu tsaro a gefe, idonsu a kan sanda, hannunsu a shirye.

Na biyar, ci da barci. Tsoka ba a wurin atisaye take girma ba, a lokacin hutu take girma. Ka samu barcin awa 7 zuwa 9. Jiki na buƙatar furotin, wato sinadarin gina tsoka. Mai wannan wasa yana buƙatar kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman wajen giram 110. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Ba sai ka sayi garin gwangwani mai tsada ba. Wake, awara, ƙuliƙuli, nono, kifi, ƙwai, nama gwargwadon hali, ga tuwo da shinkafa don kuzari. A sha ruwa sosai, musamman da bazara. Da azumi kuwa, a mayar da atisaye bayan shan ruwa, a kuma rage nauyi.

Yanzu ga gargaɗi, kuma ina roƙon iyaye su saurara tare da mu. Akwai masu zagayawa wuraren ɗaga ƙarfe suna tallar allura da ƙwayoyin ƙara tsoka. Turawa na ce musu sitiroyid. Suna kumbura tsoka, gaskiya ne. Amma suna lalata hanta, suna raunana zuciya, suna tsuke 'ya'yan maraina, suna iya hana haihuwa. Akwai kuma masu shan tiramadol don kada su ji zafi. Zafi saƙo ne daga jiki. Wanda ya toshe shi zai ci gaba da ɗagawa a kan jijiyar da ta riga ta yage. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairu, 2024. Wanda aka kama da ƙwayar ƙara tsoka kuwa, ana iya dakatar da shi shekara 4. Ba a karɓar uzurin "ban san abin da ke ciki ba". Duk abin da aka samu a jikinka, kai ke da alhakinsa. Ɗan'uwa, kada ka sayar da lafiyar shekara hamsin saboda tafin yini ɗaya.

Mu tafi kashi na huɗu. Ina gasar take, kuma me ke faruwa a ranar?

Ka fara da hukumar wasanni ta jiharka. Galibi ofishinta na cikin babban filin wasa ko kusa da shi. Ka tambayi mai horar da 'yan ɗaga nauyi. Ka tambayi manyan gidajen motsa jiki na garinku, domin sukan ji labarin gasa kafin kowa. Idan ka samu gasa, ka yi tambayoyi huɗu. Wace rana ce? Nawa ne kuɗin rajista? Ƙa'idar wace hukuma za a bi? Wace sutura aka yarda da ita? Hukumomi sun ɗan bambanta a wasu ƙa'idoji, don haka ka nemi a karanta maka tasu.

Idan babu gasa a garinku fa? Ku shirya taku. Gidajen ƙarfe uku ko huɗu su haɗu. A samo sanda mai kyau, da sikeli, da mutum uku adalai da suka san ƙa'ida. Idan babu fitila, ƙyalle fari da ƙyalle ja sun wadatar. A sanar da mai unguwa, a gayyato ma'aikacin lafiya. A rubuta sakamakon kowa. Wannan takardar ita za ku kai wa hukumar wasanni, ku ce ga 'yan wasa muna da su.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa. Rigar gasa mai kama jiki, don alƙali ya ga gwiwa da ƙugu. Singileti mai hannu a ciki. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ba mai laushi irin na gudu ba. Doguwar safa da ta rufe ƙwauri, don ɗauka daga ƙasa. Ɗamarar fata idan kana so, faɗinta kada ya wuce santimita 10.

Mako guda kafin gasa, ka sassauta atisaye. Ƙarfin da ba ka tara a wata uku ba, ba za ka tara shi a kwana bakwai ba. Kuma kada ka ƙi cin abinci ko ka ƙi shan ruwa don ka faɗo ƙaramin rukuni. A gasar farko, ka shiga rukunin da sikeli ya ajiye ka.

A ƙa'idar IPF, ana fara auna 'yan wasa awa 2 kafin gasa. A wurin awon za a tambaye ka nauyin da za ka fara da shi a kowace ɗagawa. Jama'a, wannan ita ce shawara mafi girma ta ranar. Ga dalili. Idan ka hau ka kasa, ba a rage maka nauyi. Ko ka maimaita shi, ko ka ƙara. Idan kuma ka kasa gwaji ukun nan duka a ɗagawa ɗaya, ba ka da jimla. Ka fita daga lissafi ke nan.

Saboda haka ka fara da nauyin da kake iya ɗagawa sau uku a jere, ko da ranar da ba ka jin daɗin jikinka. Mu ce iyakarka a tsugunno kilo 100 ce. Ka fara da 90. Idan ta tafi lafiya, ka nemi 95 ko 97 da rabi. A gwaji na uku ka nemi 100, ko ka ɗan haura. Bayan kowane gwaji, minti 1 gare ka ka faɗi nauyi na gaba, don haka ka rubuta tsarinka tun daga gida. Ka tafi da aboki guda mai nutsuwa da zai riƙe takardar, ya tuna maka lokaci. Ka tafi da ruwa, da dabino ko ayaba, domin gasa kan ɗauki awanni.

Burinka a gasar farko ba kofi ba ne. Burinka ka sauko da jimla a rubuce da sunanka. Daga wannan jimlar za ka fara ƙirga ci gabanka. Ka fara da abin da kake iyawa.

Ga kashi na biyar, kuma na ƙarshe. Ina magana da 'yan'uwanmu masu buƙata ta musamman, musamman waɗanda shan inna ta taɓa ƙafafunsu. Wannan wasa yana da reshe naku, kuma a wannan reshen Najeriya tana sahun gaba a duniya. Turin kwance kaɗai ake yi. Ɗan wasa yana kwanciya gaba ɗaya a kan dogon benci, har ana iya ɗaure ƙafafunsa, ya tura da ƙarfin ƙirji da hannu.

A gasar nakasassu ta duniya da aka yi a Landan a 2012, Yakubu Adesokan ya tura kilo 180 a rukunin kilo 48, ya ci zinare. Ku lissafa, ya kusa ninka nauyin jikinsa sau huɗu. A Riyo ta ƙasar Burazil a 2016, Najeriya ta ci zinare 6 a wannan wasa kaɗai. Lucy Ejike, wadda shan inna ta kama tun tana ƙarama, ta ci zinare a 2004, da 2008, da 2016. A Faris a 2024, Onyinyechi Mark ta tura kilo 150, Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167, kowacce ta ci zinare, kowacce ta kafa sabon tarihin duniya. A arewa muna da samari da 'yan mata da suka shekara suna tuƙa keken guragu da hannu. Iyaye, ku kai su hukumar wasanni a gwada su. Ku nema musu mai horarwa.

'Yan'uwa mata kuma, kun ji sunayen da na lissafa. Mafi yawansu mata ne. Ɗaga nauyi bisa tsari yana ƙarfafa ƙashi da baya. Ƙa'idar IPF ta yarda mace Musulma ta hau dandali da ɗankwalinta a rufe da kai. Sauran sutura kuma, a tattauna da masu shirya gasa tun da wuri. Masu gidajen motsa jiki, ku ware wa mata lokacinsu da mai horar da su mace.

To jama'a, bari mu tattara abin da muka faɗa. Ɗagawa uku, gwaji tara, alƙalai uku. Ka duba lafiyarka kafin ka fara. Ka auna ƙarfenka a sikeli. Ka ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ka rubuta. Ka ci, ka yi barci, ka nisanci allura da ƙwaya. A ranar gasa, ka fara da abin da kake iyawa, ka jira umarni.

Ga aikin wannan mako. Ka tara abokai uku, ka zaunar da su, ɗaya a gaba, biyu a gefe. Na gaba ya ba da umarni kamar yadda muka koya. Ka rage nauyin da ka saba ɗagawa, ka yi ɗagawa ukun nan bisa ƙa'ida. Ka ce musu kada su ji nauyinka. Duk inda suka ɗaga ja, nan ne aikinka na wata mai zuwa. Alƙali ba ƙwanji yake dubawa ba, ƙa'ida yake dubawa.

A nan za mu dakata. Allah ya ƙara mana lafiya, ya kare matasanmu daga rauni da miyagun ƙwayoyi. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.